Man tsirrai a cikin madarar nano: tambayoyin masu haɗa man shafawa da masu sayen magani a Damagaram

Kalmar "nano" ta fara yawa a jikin kwalaben man shafawa da kuma tallace-tallacen da ke yawo a WhatsApp, kuma duk inda ta fito sai kuɗin kaya ya hau. Matan da ke haɗa man shafawa a Birni da Zango, da ɗalibai, da masu tatsar man riɗi da na gujiya, wato gyaɗa, kowa da irin tambayarsa. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Wai mece ce madarar nano ɗin nan?

Mai da ruwa ba sa zama wuri guda. Amma in aka kaɗa su da ƙarfi tare da wani sinadari da ke riƙe su, wanda za mu riƙa kira mariƙi, sai man ya farfashe ya zama ɗigo-ɗigo yana yawo a cikin ruwan. Nonon saniya haka Allah ya yi shi: ɗigon mai ne a cikin ruwa, shi ya sa yake fari, shi ya sa kuma in ya kwana man ke tasowa sama.

Bambancin yana wajen girman ɗigon. In aka raba milimita ɗaya gida dubu, an sami mikiron. In aka sake raba mikiron gida dubu, an sami nanomita. Ɗigon man da ke cikin nonon da aka tatso yakan kai mikiron 3 zuwa 4, na man shafawar kanti kuma yakan kama daga mikiron 1 zuwa gommai. Madarar nano ita ce wadda ɗigonta yake tsakanin nanomita 20 da 200, wasu masana kan ja iyakar har 500. Kaurin gashin kai guda yana tsakanin nanomita 50,000 da 100,000. Ɗigo ɗaya mai faɗin mikiron 10, in aka farfasa shi zuwa nanomita 100, ɗigo miliyan ɗaya ne zai fita daga cikinsa.

To in ya ƙanƙance sai me?

Da farko man ya daina tasowa. Saurin tasowar ɗigo yana bin faɗinsa sau faɗinsa: a rage faɗinsa sau 10, saurin ya ragu sau 100. In ya sauko ƙasa da nanomita 200, ƙwayoyin ruwan da ke dukansa ta kowane gefe sun isa su hana shi tafiya sama. Wannan rawar ƙananan abubuwa a cikin ruwa ita ce wadda Robert Brown ya lura da ita a 1827.

Kamanni ma yana canzawa. Tsawon zangon hasken da ido ke gani nanomita 400 zuwa 700 ne. Ɗigon da bai kai 100 ba ba ya tare hasken sosai, don haka sai haɗin ya fita garai-garai ko da ɗan shuɗi-shuɗi maimakon fari fat.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne faɗin fuskar man. Mililita ɗaya na mai, in ɗigonsa mikiron 10 ne, fuskarsa da ke taɓa ruwa ba ta wuce murabba'in mita 0.6 ba. A nanomita 100 ta zama murabba'in mita 60. Ta wannan fuskar ce magani ke fita ya shiga jiki, ta nan ne ruwan narkar da abinci ke kama man a hanji. Ta nan ɗin dai kuma iska ke samun man ta tsufar da shi, abin da masu talla ba sa faɗa.

Akwai maganin asibiti na gaske da aka yi haka, ko duk zancen bincike ne?

Akwai, kuma sun girmi kalmar da ake yayi yanzu. A 1962 aka amince da Intralipid a Suwidin, aikin Arvid Wretlind: man waken soya, da lesitin na gwaiduwar ƙwai a matsayin mariƙi, da gilisarin, da ruwa. Ana ɗaura shi ta jijiya ga maras lafiyar da ba ya iya cin abinci. Kafin shi an sha gwada man auduga, marasa lafiya suna shan wahala da zazzaɓi da wasu matsaloli, har aka janye.

Wanda ya taɓa leƙa ɗakin tiyata ya ga farar allurar nan da ake sa mutum barci da ita, propofol. Maganin kansa kashi 1 ne cikin 100, ba ya narkewa a ruwa. An fara haɗa shi da wani sinadari mai suna Cremophor, sai ya riƙa tayar wa wasu da mummunan borin jini, aka dakatar. Da aka mayar da shi cikin man soya kashi 10 da lesitin kashi 1.2, sai ya shiga kasuwa a Ingila a 1986, a Amurka a 1989. Akwai kuma Restasis, maganin ɗigawa a ido na bushewar ido, wanda sinadarin siklosporin ne kashi 0.05 a cikin ɗigon man zurma. E, zurmar nan da ke fitowa a bayan gida da bakin kwata.

A lura da tsananin ƙa'idar. Kundin magunguna na Amurka ya ce madarar man da za a sa a jijiya matsakaicin ɗigonta kada ya wuce nanomita 500, kuma ɗigon da ya wuce mikiron 5 kada ya haura kashi 0.05 cikin 100 na man. Dalili shi ne manyan ɗigo suna toshe ƙananan hanyoyin jini na huhu. Propofol da aka buɗe ba ya kwana, domin ƙwayoyin cuta suna son mai da ƙwai kamar yadda jiki ke so. Saboda haka babu wani haɗi na gida, ko na wani mai magani a kasuwa, da ya halatta a tsira wa mutum, ko da an rantse cewa nano ne.

Malam, me ya sa a asibiti ake cewa a sha maganin zazzaɓin cizon sauro da madara ko abinci mai maiƙo? Yana da alaƙa da wannan?

Yana da ita ƙwarai. Coartem da ire-irensa haɗin artemeta ne da lumefantirin. Lumefantirin ba ya son ruwa ko kaɗan. In cikin mutum babu komai, kaɗan ne ke shiga jini; in an ci abu mai maiƙo, abin da ke shiga yakan ninka sau da yawa. Hanji ne ke yin nasa aikin: ruwan matsarmama ya farfasa man ya zama ƙananan ɗigo, maganin ya narke a ciki ya bi su. Masu haɗa madarar nano wannan aikin suke so su yi tun daga kwalba, don kada ingancin magani ya dogara da abin da maras lafiya ya samu ya ci, alhali mai zazzaɓi sau da yawa ko kunu ba ya iya haɗiyewa.

Allurar artemeta da ake yi a tsoka ma a cikin mai take, galibi man gujiya da aka tace, amma wannan narkarwa ce kawai, ba madara ba ce. Gwaje-gwajen sa magungunan zazzaɓi a madarar nano suna nan ana yi a kan dabbobi. Abin da ke farmasi a yau shi ne ƙwayar da aka sani, a sha ta da nono ko abinci, a kuma cika kwana ukun.

Cikin man da muke da shi a nan, wanne ya fi dacewa?

Ya danganta da abin da ake so a yi, kuma a nan ne ya kamata mai haɗawa ta tsaya ta yi nazari, domin nano ba ya gyara man da bai dace ba.

Man riɗi yana gaba a ganina. Kusan rabin nauyin ƙwayar riɗi mai ne, kitsensa kuma ya rabu kusan daidai tsakanin nau'o'in kitse biyu, oleyik da linoleyik, kowanne wajen kashi 40. Yana ɗauke da sesamin da sesamolin, waɗanda ke sa shi daɗewa bai canza wari ba, kuma masana'antar magani ta riga ta san shi: wasu alluran taɓin hankali masu aiki na makonni, irin su haloperidol, a cikinsa ake narkar da su.

Man ƴaƴan zogale wajen kashi 70 nasa oleyik ne, yana jure zafi da ajiya fiye da yawancin mai, masu turare sun daɗe suna amfani da shi don ba shi da wari mai ƙarfi. Mu a nan ganyen muka fi sani, a kwaɗo da dambu, ƴaƴan kuwa sai su bushe a bishiya. Ɗan cikin ƙwallon aduwa shi ma yakan ba da mai kashi 40 ko fiye, mai laushi a fata, sai dai fasa ƙwallon aiki ne ja.

Man gujiya, wato gyaɗa, na Magarya da Matamai, yana da arha kuma yana haɗuwa cikin sauƙi. Matsalarsa biyu. Gujiyar da ta yi fumfuna a ajiya tana ɗauke da gubar aflatoksin, kuma tana iya bin man da ba a tace ba. Sannan wasu mutane jikinsu ba ya karɓar gujiya sam, shi ya sa a Turai dole a rubuta a jikin magani in akwai manta a ciki.

Man kaɗe daskararre ne, sai ya haura digiri 30 yake narkewa. In aka farfasa shi da zafi ya huce, abin da ake samu ƙananan ƙwayoyin kitse ne masu tauri, wani fanni ne na daban, amma maƙwabci.

Wani abin da zai ba masu son man zaitun mamaki: a wani gwaji da aka buga a 2013 daga jami'ar Sheffield ta Ingila, an sa manya suna shafa man zaitun a hannu na makonni huɗu, sai aka ga ya raunana saman fatar, man sunfulawa kuwa bai yi haka ba. Ana danganta abin da yawan oleyik. Ke nan mai yawan oleyik yana taimaka wa magani ya ratsa fata, mai yawan linoleyik kuma ya fi kyau ga fatar da ta bushe ta yi kaushi a hunturu, ko fatar jariri.

Da gaske ne yana ratsa fata har ya shiga jini?

Ɗigon kansa, a'a. Saman fata, wanda kaurinsa mikiron 10 zuwa 20 ne kawai, an gina shi kamar katangar tubali: matattun ƙwayoyin fata su ne tubalan, kitse kuma shi ne laka a tsakaninsu. Tsagar da ke tsakanin ta yi wa ɗigo mai nanomita 100 ƙanƙanta. Abin da ke faruwa shi ne ruwan ya bushe, ɗigon su fashe su shimfiɗu, man da mariƙin su sassauta lakar, sai sinadarin da aka ɗora musu ya sami hanya. Wasu ɗigon kuma sukan taru a ramin gashi su zauna. Ko da haka, sinadarin da nauyin ƙwayarsa ya wuce dalton 500 (dalton ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari ne) da wuya yake wuce lafiyayyar fata. Kolajin, sinadarin da ke ba fata ƙarfi, ya ninka wannan sau ɗaruruwa, don haka man da aka ce yana shigar da kolajin cikin fata, a kai kasuwa.

Amfanin da ba a musu a kansa shi ne na jin daɗin shafawa: ba ya danƙo, ba ya barin maiƙo a tufafi, ana iya fesa shi. A watan Afrilu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ina haɗa man gyaran fata, wasu masu saye suna son wanda ke sa haske. Nano zai sa ya fi aiki?

Hajiya, zai sa, kuma abin tsoron ke nan. Abubuwan da ke cikin man bilicin su ne haidirokinon, da magungunan kumburi masu ƙarfi irin su kilobetasol, wani lokaci har da sinadarin makuri, wato zaiba. Duk hanyar da ta ƙara musu shiga jiki ta ƙara ɓarnarsu: fata ta sirance ta yi nankarwa, ciwo ya ƙi warkewa bayan tiyata, hawan jini da ciwon sukari su biyo baya, makuri kuma ya taɓa ƙoda. Madarar nano ɗan dako ce, ba ta tambayar abin da aka ɗora mata.

Zan iya yi a gida da bilenda?

Bilenda da maburgi za su ba ki man shafawa mai kyau, amma ɗigonsa mikiron ne. Masana'antu suna amfani da injin da ke tura haɗin ta ƴar tsaga da matsin da ya ninka na iskar da ke kewaye da mu wajen sau 500 zuwa 1,500, a maimaita sau da yawa. A ɗakin gwaje-gwaje kuma akwai sanda mai girgiza sau 20,000 a daƙiƙa, wadda ke yin ƙananan kumfa suna fashewa suna yayyaga man. Dukansu suna son wutar lantarki tsayayya da kuɗi masu kauri.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar babban inji, wadda ta samo asali daga aikin Shinoda na Japan a shekarun 1960. Wasu mariƙai in an ɗumama su sukan juya daga son ruwa zuwa son mai. A daidai zafin da suke juyawa, mai da ruwa kusan ba sa ƙin juna, sai a sanyaya haɗin da sauri, ɗigon su fito ƙanana da kansu. Wata hanyar kuma ita ce a gauraya man da mariƙi irin Tween 80 a riƙa ɗiga shi cikin ruwa ana juyawa. Tana yiwuwa, amma tana cin mariƙi da yawa, sau da yawa daidai da nauyin man ko fiye, kuma yawan mariƙi yana sa ƙaiƙayi da jan fata. Man riɗi da na gujiya ma ba sa ba da kai ga wannan hanyar da sauƙi, saboda ƙwayoyinsu dogaye ne masu kauri.

Ko kin dace, ba ki da hanyar tabbatarwa sai da na'urar da ke auna ɗigo da hasken leza. Shawarata: ki yi man shafawa na al'ada mai tsabta, ki rubuta gaskiyar abin da ke ciki. Kuma tunda kin sa ruwa, dole ki sa sinadarin hana ruɓa, ki yi aiki da tataccen ruwa, ba na rijiya ko na ƴan garuwa ba. Man kaɗe zalla yana shekara lafiya lau domin babu ruwa a cikinsa; haɗin mai da ruwa maras kariya kwana kaɗan ya ishe shi ya zama gidan ƙwayoyin cuta.

An ce ƙaro ma mariƙi ne?

Haka ne. Ƙaron dakwara da ake tsinta ta wajen Gure da Difa, wanda malamai ke sa wa tawada, shi ne ke riƙe man lemo a cikin lemon kwalba a duniya, da lamba E414. Yana jure tsami da gishiri, ba ya cutarwa. Sai dai ana buƙatarsa da yawa, kuma ɗigon da yake bayarwa yakan tsaya a ɗaruruwan nanomita, don haka akan haɗa shi da wani.

Zafin garin nan ba zai ɓata shi ba?

Zai iya, kuma wannan ce tambayar da ta fi dacewa da mu. Madarar nano ba dawwamamma ba ce. Mai da ruwa suna nan suna neman rabuwa, jinkiri kawai aka yi musu. Babbar hanyar lalacewarta ita ce ƙananan ɗigo su riƙa narkewa kaɗan-kaɗan a ruwa suna komawa cikin manya, har manyan su yi girman da za su taso. Man ƙamshi, irin na kanumfari da na'a-na'a da ɓawon lemo, su ne suka fi wannan hali saboda suna ɗan narkewa a ruwa, har a yini ɗaya haɗinsu na iya komawa fari ya rabu. Maganin abin shi ne a gauraya su da mai mai nauyi wanda ba ya narkewa, irin riɗi ko masara. Zafi yana hanzarta wannan, yana hanzarta tsufan man, kuma in mariƙin irin mai juyawa ne, kusantar zafin juyawarsa tana sa ɗigon su haɗe.

Kamfanonin magani suna da gwajin da suke kira na gaggawa: a ajiye kaya wata shida a digiri 40 don a ga abin da tsawon lokaci zai yi masa. Digiri 40 kuwa a Damagaram azahar ce ta Afrilu da Mayu, a inuwa, balle cikin rumfar kwano ko bayan mota daga Kano. Abin da aka gwada aka ce zai shekara biyu a digiri 25 ba a yi masa alkawarin komai a kan teburin kasuwar Dole ba. In kin ga mai ya taso, ko ruwa ya kwanta a ƙasa, ko wari ya canza, girgizawa ba ta mayar da shi.

Man habbatus sauda ko na bedi na nano, a sha?

Habbatus sauda tana da sinadarin timokinon, ana bincike a kansa sosai, amma yawancinsa a kwanon gwaji ne da jikin ɓeraye. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini ya tambayi likitansa tukuna, domin abin da ya fi shiga jini ya fi iya karo da wani magani. Man bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, a bar shi a feshin ƙwari da sabulu. An sha kwantar da yara a Indiya da Malesiya da amai da jijjiga da suma bayan an ba su shi, wasu sun rasu.

Akwai abin da zai hana Musulmi amfani da shi?

A duba abu uku a takardar: barasa da wasu ke sawa don ƙanƙanta ɗigo, da gilisarin, da Tween, waɗanda ana iya yin su daga man tsirrai ko daga kitsen dabba. Lesitin na soya ne ko na ƙwai. Kamfanin kirki zai faɗi tushen kayansa in an tambaya. Hukunci kuma na malamai ne.

Yaya zan gane na gaske a kasuwa?

Da ido ba ka iya tabbatarwa. Dokar kayan kwalliya ta Tarayyar Turai ta 2009 ta wajabta rubuta "nano" ne a kan ƙwayoyi masu tauri da ba sa narkewa, irin na man kariya daga rana. Ɗigon mai ba ya cikin wannan, don haka kalmar a gaban kwalba sau da yawa ado ce. Nemi jerin abubuwan da ke ciki, lambar rukuni, ranar ƙarewa, da adireshin wanda ya yi. In an ce yana warkar da cuta, to ya zama magani, sai ya sami izinin hukumar magunguna, kuma a farmasi ake sayensa. Gwajin ingancin magani a ƙasar nan aikin LANSPEX ne, ɗakin gwaje-gwajen lafiya na ƙasa da ke Yamai.

Mu masu noma da tatsa, ina rabonmu a ciki?

A man kansa. Mai haɗa madarar nano, a Faransa yake ko a Legas, abin da yake tambaya kafin ya saya shi ne takardar gwaji: yawan tsamin man, ma'aunin tsufansa, yawan ruwan da ke ciki, ko akwai aflatoksin ko ragowar maganin ƙwari, da kuma ko ganga ta biyu za ta yi daidai da ta farko. Man da aka tatsa bayan suya mai ƙarfi don ƙuli-ƙuli ya yi daɗin ci, amma launinsa da ƙamshinsa sun yi yawa ga wannan aiki. Ana son ƙwayar da ta bushe sarai, aka tsince ruɓaɓɓu, aka matse ba tare da wuta ba, aka tace, aka zuba a ganga mai duhu cike har baki don kada iska ta sami wuri. Tsohuwar jarkar man fetur ko ta maganin ƙwari ba ta shiga wannan lissafi ko an wanke ta sau nawa. Ƙungiyar mata da ta iya riƙe wannan tsari, ta kuma riƙa rubuta ranar tatsa da garin da ƙwayar ta fito a jikin kowace ganga, ita ce za ta iya aika samfuri a gwada ta tsaya a kan farashinta.